Kanwa Uwar Gami: Tarihin Ƙasarmu Daga Bakin Murhu

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, uwargida da amarya, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu. Ina gai da na cikin garin Gumel, da na Maigatari bakin iyaka, da na Gagarawa da Sule Tankarkar, har da 'yan'uwanmu na tsallake, mutanen Dungas da Magarya, waɗanda na san muryar nan tana kai musu. Wadda ke surfe ta ci gaba da surfenta, mai tankaɗe kuma kada ta ajiye rariya. Aron kunne kawai nake nema.

Kwanakin baya wata 'yar makaranta a gidanmu ta dawo da aikin gida. Malaminsu ya ce kowa ya rubuto abincin ƙasa, wato abincin da za a nuna wa baƙo a ce wannan shi ne na Najeriya. Ta tambayi uwarta, uwar ta ce, "Tuwo mana, har sai an tambaya?" Yarinya ta ce ai a littafinsu hoton dafa-dukar shinkafa aka sa. Kakarta da ke zaune bakin ƙofa ta ce ita dai da fura ta tashi, shinkafa kuwa a zamaninsu sai da salla ko ranar biki. Gardama ta kaure, aka tashi ba a rabu da ita ba. Ni kuwa sai abin ya tsaya mini a rai. Ƙasar da Turawa suka haɗa kudancinta da arewacinta a 1914, mai ƙabilu fiye da 250, kowa da harshensa da tukunyarsa, ta yaya za a ce ga abincinta guda ɗaya? In kuwa babu, to me ya haɗa mu? Amsar da na samu ita na kawo miki yau, kuma ba nesa na je nemanta ba. Tana nan cikin ƙwaryar da kike ajiye kayan miya.

Mu fara da gero, don shi ne babba. Masana masu tona ƙasa sun samo alamar geron noma a arewacin ƙasar Mali wanda ya kai shekara 4,500. Dawa ma tsohuwa ce, daga gabashin Sudan ta faro. Wake kuwa ɗan Afirka ta Yamma ne. Kin ga ke nan tun babu Gumel, babu Kano, babu Najeriya babu Nijar, akwai wata mace a wannan yanki da ke sussukar gero tana sheƙe ƙaiƙayi kamar yadda kika yi jiya. Ƙasarmu ta jigawa ce, ruwan sama kaɗan ne, damina gajera ce, gero shi ne hatsin da ya yarda ya zauna da mu a haka. Shi ya sa ya shiga ko'ina a rayuwarmu: fura da rana, tuwo da dare, ɗumame ko koko da safe, gumba ranar sadaka, kunu ga mai jego da mai azumi.

To amma sake leƙa ƙwaryar nan da kyau. Barkono, tumatir, gyaɗa, rogo, masara da dankali, duk cikinsu babu ɗan asalin Afirka. Daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492. Sunayen wasu ma suna tona asirin hanyar da suka biyo. Masara tana ɗauke da sunan Masar. Albasa da alkama da shayi sunayensu daga Larabci muka ara. Yau idan aka ce ki yi miya babu barkono babu albasa, ai cewa za ki yi an raina miki hankali, alhali kuwa an yi zamanin da kakanninmu ba su taɓa jin yajin barkono ba. Abin da muke kira abincin gargajiya, baƙi ne da suka zo ɗaya bayan ɗaya, mata suka karɓe su, suka gwada, suka gyara, har suka zama 'yan gida.

Yanzu bari mu zo kan wadda na sa wa hirar tamu sunanta. Idan Bahaushe ya ce da mutum kanwa uwar gami, ba yabo ba ne, yana nufin mai haɗa husuma. Amma ke da kike girki kin san ainihin aikin kanwa: ita ke sa wake ya nuna da wuri, ita ke riƙe yauƙin kuka da kuɓewa, ita ke kashe tsamin yakuwa, ita ke haɗa ɗanwake ya tsaya. Abin da wataƙila ba a gaya miki ba shi ne, wannan ɗan dunƙule da ake sayo miki na naira kaɗan yana cikin abubuwan da suka ɗaga sunan Gumel a duniya.

Masarautar Gumel, ta Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750. Mangawa dangin Barebari ne, kuma ƙasar Manga, can gabas da Damagaram, ƙasa ce ta gishiri da kanwa. Daga can ake samo gishirin mangul da tsofaffinmu suka sani. Gumel ta bi Barno, can take kai gaisuwa, kuma ko da aka yi jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga 1804, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Ta zauna a tsakiya: Kano ta kudu maso yamma, Haɗeja ta gabas, Damagaram ta arewa. Zaman tsakiya yana da wuya, don an sha yaƙe-yaƙe da hare-hare, amma kuma shi ne ya mai da garin mahaɗar fatake. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma aka baro Tumbi aka dawo Gumel ta yanzu. Ki riƙe sunan Tumbi, za mu dawo kanta.

A watan Maris na 1851 wani Bature Bajamushe mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya tarar da Ɗan Tanoma ya tsufa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a kasuwar garin shi ne tulin kanwa, kayan takarkari da na jaki. Ya rubuta cewa Gumel ita ce babbar kasuwar kanwar da ke fitowa daga Barno da Muniyo tana tafiya har ƙasar Nufe, kuma mutanen Barno ba su cika wuce Gumel da kayansu ba, a nan take sauya hannu. Daga Nufe kuwa sai ƙetaren Kwara, sai ƙasar Yarabawa.

Ga inda abin yake da daɗi. Je ki ƙasar Yarabawa yau, za ki tarar da mace tana jefa ɗan dunƙule a miyar lalo, wadda suke kira ewedu, ta ce miki sunansa kaun. Je ki ƙasar Ibo, za ki ga ana jiƙa shi ana kaɗa manja da ruwansa har ya yi kauri, a zuba a kan yankakken rogo, su kuma akanwu suke cewa. Kanwa, kaun, akanwu: kunnenki ma ya gaya miki sunan ɗaya ne. Tun kafin a haɗa Najeriya a takarda, tun kafin a sa mata suna, matan da ba su taɓa ganin juna ba, ba sa jin harshen juna, suna jefa abu ɗaya a tukunya, kuma wani kaso nasa ta kasuwarmu ya bi. Fataken da suka yi kudu da yamma da kanwa ba su dawo hannu rabbana ba. Daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, suka riƙa ɗauko goro. Mu da ba mu da itacen goro ko ɗaya, sai ga shi ba a ɗaurin aure, ba a raɗin suna, sai da shi.

A nan zan ɗan ratse, don amana ce. Kanwa tana da amfani, amma yawanta cuta ne. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa, haɗe da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon wuta, yana da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama wasu masu jego. Don haka iyaye, a sassauta hannu, kuma in mai jego ta fara kumburi ko numfashinta yana sama-sama, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mu koma tarihi. Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, a shekarar nan kuma Sarkin Gumel Ahmadu ya bi su. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu suka bi daji suna kafa alamun iyaka. Da aka gama, sai ga Tumbi, tsohuwar hedikwatar sarakunan Gumel, ta faɗa ɓangaren Faransa. Wa yana Najeriya, ƙane yana Nijar. Ɗa ya tashi da boko na Ingilishi da sulai, ɗan baffansa ya tashi da lakwal da tamma. Da aka samu 'yancin kai a 1960, kowa ya ɗaga tutarsa da takensa.

To, tukunya fa, ta san da iyakar? Ta sani kaɗan. A can sun koyi dogon burodi irin na Faransawa, mu nan muka koyi mai kusurwa huɗu. Amma shiga gida a Dungas da azahar, abin da za a miƙo miki shi ne furar gero da nonon Fulani, a ƙwarya, da ludayi, kamar dai a Sule Tankarkar. Dambun zogale ɗaya ne, miyar kuka ɗaya ce, daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa ɗaya ce. Ita kanta fura da nono darasi ce. Manomi ke da gero, makiyayi ke da nono, kowanne shi kaɗai abincinsa bai cika ba. Duk ranar da aka yi rikicin gona da burtali, washegari sai kin ga ƙwaryar 'yar Fulani ta yi wuyar gani a unguwa, fura kuma ta koma ta ruwa. Burabusko daga Barno ya zo mana, cuku da dabino Buzaye ke kawowa daga arewa. Akushin Bagumale shi kaɗai ya tara ƙabila huɗu ko biyar.

Wahala ma ba ta san iyaka ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake tunawa da ita da sunan Kakalaba, ta ci mutane a ɓangarorin biyu. Haka farin 1972 zuwa 1974, wanda da yawa cikin iyayenmu masu saurare sun gan shi da idonsu, suka ga yadda dabbobi suka ƙare, mutanen arewa suka gangaro da 'ya'yansu. A irin waɗannan shekaru ilimin mata ne ya riƙe rayuka. Su suka san yadda ake jiƙa hanza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita, su suka san ana fitar da tsaba daga ƙarangiya, su suka san tafasa da ganyen aduwa da garin goruba. Babu littafin makarantar da ya rubuta sunayen waɗannan mata, amma da yawanmu ba don su ba da ba a haife mu ba.

Sai zuwan jirgin ƙasa. Ya iso Kano a 1911, aka ja reshe zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930, kuma ya ratsa ta Gagarawa. Har yau akwai Gagarawa Tasha. Jirgi ya kwashi gyaɗarmu ya kai Kano, inda aka riƙa tara dalar buhuna, daga nan sai bakin teku. Gyaɗa ta kawo kuɗin haraji da na sutura, ta kuma ba matan kulle babbar sana'a: suyar gyaɗa, matsar mai da tuyar ƙuliƙuli. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi mamakin yawan cinikin da mata ke yi daga cikin ɗakunansu, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu a wurinmu ba ɓoyayye ba ne, da shi aka yi wa yawancinmu kayan ɗaki. Fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 su suka karya wannan zamani, manoma suka ƙara karkata ga wake da riɗi da zoɓo.

Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ma bai dawo wayam ba, daga baya kuma manyan motoci suka karɓe shi. Suka kawo manja, da garin kwaki, da doya, da agushi, da goron ƙasar Yarabawa. Da fari an yi wa garin kwaki kallon abincin baƙi. Amma shekarun tsanani sun koya mana darajarsa, yau ga shi muna kwaɗa shi da ƙuliƙuli, muna tuƙa teba, har almajiri da ɗan makarantar kwana ba su da aboki kamarsa. Alala da ake ƙullawa a leda ko a gwangwani, 'yar'uwarta na can kudu da sunan moyin-moyin. Ƙosanmu shi ne akaransu, kuma bayin da aka kwashe daga ƙasar Yarabawa sun tafi da shi har Burazil, inda ake soya shi a bakin titi har gobe da sunan akaraje.

Mu kuma me muka aika? Ranar Alhamis ki tambayi maigida abin da ya gani a kasuwar Maigatari. Shanu, raƙuma, tumaki da awaki daga Nijar da ƙauyukanmu, ana loda su a manyan motoci zuwa Legas, Anacha da Fatakwal. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma mafi yawansa a arewa ake nomawa, amma wa ya kai mutanen kudu cinsa? Tsiren da mahautanmu suka kai kudu ya zama suya, kalmar Hausa da kowane ɗan Najeriya ya sani, wadda har ta shiga babban ƙamus na Ingilishi na Oxford. A Gana akwai wace, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi, da kokon da suke kira Hausa koko, duk da sunayenmu. A Sudan gasasshen naman da ake rububi sunansa agashe. Zoɓon da kike tsinka a tsakar gida, yatsunki su yi ja, ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Meksiko, inda ruwansa yake cikin abin shan da suke tinƙaho da shi a matsayin nasu. Riɗinmu kuma yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar 'yar makaranta. Ƙasashe suna son su nuna abinci guda su ce namu ne, kamar yadda suke nuna tuta. Shekaru ke nan samarin Najeriya da na Gana suna musu a intanet kan wa ya fi iya dafa-duka, wadda suke kira jalof, alhali sunan ma daga daular Jolof ta ƙasar Senegal ya fito. A 2021 hukumar UNESCO ta sa shinkafa da kifi ta Senegal cikin jerin kayan gadon duniya. A 2023 kuma Nijar ta samu takardar shaida daga hukumar OAPI, mai kare sunan kayan ƙasashen Afirka, a kan kilishinta da albasar Galmi. Abin a yaba musu ne, don sun kare sana'ar mutanensu. Amma ki tambayi mahaucin Maigatari ko kilishi ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar, dariya zai yi, don shi da wanda ke shanya nama a Magarya wataƙila kakansu ɗaya. Ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da ƙasashe huɗu, Aljeriya, Maroko, Tunisiya da Muritaniya, suka yi a 2020. Duk da saɓanin da ke tsakanin wasunsu, sun haɗu sun rubuta kuskus a wannan jeri da sunansu gaba ɗaya.

Kada ki ɗauka wannan hira ce ta nishaɗi kawai. Duk lokacin da manya suka ɓata, a bakin murhu ake fara ji. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, abin ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa a watan Agusta na 2019, kuma da aka tashi buɗewa a Disamba 2020, Maigatari na cikin ƙofofi huɗu na farko. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake garƙamewa, sai a Maris 2024 aka buɗe. Ke da ba ki fita ba, ba ki zauna taron kowa ba, ke kika san yadda cefane ya ƙanƙance, kuma ke kika ƙi barci kina tunanin ɗiyarki da ke aure a tsallake.

Tsakaninmu da kudu ma an gwada. A watan Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan inda aka yi asarar rayuka da dukiya, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tsadar gaske a Legas. Mu kuma a nan kwandunan tumatir suka riƙa ruɓewa, manomi yana kallo. Ba a fi mako guda ba aka sasanta. Wancan mako ya nuna abin da jawabin 'yan siyasa bai iya nunawa ba: mai noma da mai saye igiya ɗaya ta ɗaure su, in an ja ta ɓangare ɗaya sai kowa ya ji a wuyansa.

To ina namu aikin, mu da ke cikin gida? Abu biyu zan roƙa. Na farko, mu kula da bakinmu a gaban yara. Yaro bai san ƙabila ba sai an koya masa, kuma sau da yawa ta abinci ake fara koya masa. "Kada ka ci na gidan nan, ƙazamai ne." "Su wane ai komai ci suke yi." Su ma can haka ake gaya wa nasu game da mu, ana yi wa miyar kuka da daddawa dariya, alhali daddawar nan ita ce Yarabawa ke kira iru, ba sa miya sai da ita. Abin da addini ya haramta, haramun ne, babu mai jayayya. Amma abincin halal da ba ki saba da shi ba, rashin sabo ne kawai. A garuruwanmu akwai matan ma'aikata, da malaman asibiti, da ɗaliban kwalejin ilimi ta Gumel, da 'yan hidimar ƙasa da ake turowa tun da aka kafa shirin a 1973. Wata yarinyar ta baro uwarta can nesa, ba ta san kowa ba. Idan kin yi waina ranar salla, ki zuba a kwano ki aika mata. In ta maido kwanon da nata girkin, ki ɗanɗana kafin ki yanke hukunci. Ko ba ki taka ƙofar gida ba, kwanonki ya yi zumunci a madadinki.

Na biyu, kada mu bar namu ya ɓace. Dunƙulen Maggi ya shigo, taliyar Indomie ta shigo tun ƙarshen shekarun 1980, kuma ba na cewa a kore su, su ma baƙi ne kamar yadda barkono ya taɓa zama baƙo. Abin tsoro shi ne a aurar da yarinya ba ta iya dama fura ba, ba ta san yadda ake daddawa ba, ba ta iya bambance jar kanwa da ungurnu ba, ba ta san ganyen da ake ci a daji in rana ta ɓaci ba. Wanda zai je taron dangi da abinci, ai sai yana da abin da zai ɗauka. Idan kowace ƙabila ta watsar da nata ta koma ga na leda, ranar da aka ce kowa ya kawo nasa, me za mu ajiye a tabarma? In akwai tsohuwa a gidanku, ki zaunar da ita tun tana da ƙarfi, ki sa 'yarki mai zuwa makaranta ta rubuta yadda ake tubani, da dambu, da kunun tsamiya, da kantun riɗi, da sunayen ganyayen da suka ci a shekarar fari.

Ita kuwa 'yar makarantar tamu, ga yadda ta ƙare da aikinta. Ta rubuta tuwon gero da miyar kuka. A ƙarƙashi ta jera: gero daga gonar babanta, kuka daga bayan gari, kanwa daga gabas, manja daga kudu, barkono asalinsa daga Amurka, albasa daga fadama, naman kuma na akuyar da aka sayo a Maigatari, wadda ba a tambaye ta takardar shiga ƙasa ba. Kakarta ta ce a ƙara da fura, aka ƙara.

Iyayena da 'yan'uwana, a nan zan dasa aya. Wadda ta san wani abinci na da da ya fara ɓacewa a garinsu, ta sa a rubuto mana, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a rumbunanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.